Kasuga Taisha: Ɗakunan Kami Huɗu, Fitilu 3,000, da Gyaran da Ba Ya Yankewa

A gabashin birnin Nara na ƙasar Japan, a gindin wani ƙaramin dutse da ake kira Mikasa, akwai wurin bautar Shinto, addinin gargajiya na Japan, mai suna Kasuga Taisha. Tun shekarar 768 yake nan. Wanda ya ji girman sunansa zai ɗauka katafaren gini ne guda ɗaya, amma zuciyar wurin ɗakuna huɗu ne na katako, ƙanana, a jere kafaɗa da kafaɗa. Faɗin kowanne kusan mita 2 ne, zurfinsa wajen mita 2 da rabi. Ba a gina su don jama'a su shiga su yi sahu ba. Kowane ɗaki mazaunin abin bauta ɗaya ne, mutane kuwa daga waje suke tsayawa, bayan ƙofa.

Abin da mabiya Shinto suke bauta wa, kami suke ce masa, kuma kuskure ne a fassara kalmar da Ubangiji Mahalicci irin yadda Musulmi ko Kirista ya fahimta. Kami suna da yawa ƙwarai. Wani na tsawa ne, wani na ruwa, wani kakan wata zuriya ne, wani kuma dutse ne ko tsohuwar bishiya da ake ganin akwai kwarjini a tattare da ita. Addinin ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da saukakken littafi. Abin da yake riƙe da shi tsarki ne, da hadaya, da kiyaye lokaci. Shi ya sa wanda yake son ya gane wuri irin Kasuga, gara ya dubi yadda ake hidimarsa.

Su wane ne a ɗakunan

Nara ta zama babban birnin Japan a 710. Zuriyar Fujiwara, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna riƙe da ragamar fada ta hanyar aurar da 'ya'yansu mata ga sarakuna, su ne suka tsaya a kan gina wurin. Fujiwara no Nagate ya kafa ɗakunan a 768, zamanin Sarauniya Shotoku. Duka kami huɗun gayyato su aka yi daga wasu wurare. Ɗaki na farko na Takemikazuchi ne, kami na tsawa da yaƙi, daga Kashima can gabas. A ruwayarsu, a kan farar barewa ya iso ƙwanƙolin Mikasa, kuma daga nan bareyin Nara suka samu alfarmar da suke da ita har yau. Na biyu Futsunushi ne daga Katori, shi kuma na takobi. Na uku da na huɗu miji da mata ne, Ame no Koyane da Himegami, daga Hiraoka kusa da Osaka. Ame no Koyane shi Fujiwara suke ɗauka kakansu. Wato biyu na kare ƙasa, biyu na asalin gida. Siyasa da nasaba a fili suke cikin wannan jeri.

Na biyar yana da gidansa daban, 'yar tafiya kaɗan kudu. Wakamiya ake ce masa, ɗan na uku da ta huɗu, an gina masa ɗaki a 1135. Bayan waɗannan akwai ƙananan ɗakuna fiye da 60 warwatse cikin harabar da daji, wasu ba su wuce girman akwati a kan dandamali ba. Kowanne da mai shi da ranar bikinsa da buƙatar da ake kai masa: wannan na aure, wancan na fatauci, wancan na lafiya. Akwai Enomoto, wanda ake cewa shi ne mai ƙasar tun kafin baƙin su zo. Labarin da ake bayarwa shi ne kurma ne, Takemikazuchi ya roƙe shi ƙasa shaku 3, kusan santimita 90, ya amsa yana zaton ɗan fili ne, ashe zurfi ake nufi, a faɗin yankin baki ɗaya. A da mutane sukan ƙwanƙwasa ginshiƙinsa kafin su yi roƙo, don ya ji. Idan aka haɗa hidimar duk waɗannan, ana yin ibadu fiye da 2,200 a shekara, cikinsu har da hadayar safe da yamma ta kullum da wadda ake yi ranakun 1 da 11 da 21 ga kowane wata.

Shekara ashirin-ashirin

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kai shi ne gyara. Japan ƙasa ce mai ruwan sama da laima da guguwa da girgizar ƙasa, ginin kuma katako ne da ɓawon itace. Ba don wata al'ada da suke kira shikinen zotai ba, da tuni babu ko ɗaki ɗaya. Duk shekara 20 ake sabunta mazaunin kami. Zagaye na 60 an yi shi a 2015 zuwa 2016, na Wakamiya kuma aka kammala a 2022.

Mutane kan rikita wannan da na Ise, wani babban wurin bautar Shinto, inda ake gina sabon ɗaki a filin da ke gefe sannan a rushe tsohon. A Kasuga babu filin gefe. Da dare ake ɗauke kami huɗun a kai su wani ɗakin wucin gadi a cikin harabar, Utsushidono, ma'aikata su shiga, in an gama a mayar da su. A zagayen da ya wuce sun fita a watan Maris na 2015, suka koma a Nuwamba na 2016. A da, sabbin ɗakuna ake ginawa ɗungurungum, tsoffin kuma a ba wa wasu wuraren bauta na ƙauyukan kewaye, shi ya sa har yanzu ake samun tsoffin ɗakunan Kasuga a tsaye a wasu garuruwa. Waɗanda ke nan yanzu ginin 1863 ne. Tun da aka sa su cikin dukiyar ƙasa da doka ta kare, an daina rushewa. Sai dai a sauya rufi, a cire katakon da ya ruɓe, a sake fenti, a sabunta kayan ciki.

Siffar ɗakin ta yi suna har aka sa wa salon ginin sunan wurin, kasuga-zukuri. Ƙofa tana ɓangaren da rufi ya yi tsini, an jona wata 'yar rumfa a gaba ta rufe matakala, a ƙwanƙoli kuma akwai itatuwa biyu da suka gitta juna da wasu gajerun gungume a kwance. Tsakanin ɗaki da ɗaki akwai ɗan bango mai zanen dawaki da zaki.

Rufin shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Da ɓawon itacen hinoki ake yin sa, kuma ba a sare bishiyar. Mai ɓare ɓawo yana hawa da igiya da 'yan sanduna biyu, ya zura wata 'yar itaciya mai faɗin baki ta ƙasa, ya ɗaga ɓawon waje ya ja shi sama a dogon zare. Gwanintar tana wajen barin siririyar fatar ciki. In ya huda ta, bishiya ta ji rauni, katakonta ya lalace, mai daji kuma ba zai sake barin kowa ya hau ba. In ya bar ta lafiya, cikin shekara 8 zuwa 10 sabon ɓawo ya fito, kuma ya fi na farko kyau, don ɓarar farko kaushi gare ta da tsagewa. Sai bishiya ta kai shekara 70 zuwa 80 ake fara taɓa ta, kuma ba a yi lokacin da ruwan jikinta ke hawa, daga wajen Afrilu zuwa Yuli, domin a lokacin fatar ciki biyo ɓawon take yi.

Daga nan a yanka ɓawon tsawon santimita 75, a fere shi da wuƙa ya yi siriri ya daidaita. Wajen ɗorawa ana jiƙa shi don ya yi laushi ya kwanta. Kowane layi yana hawa kan na ƙasa, ana ja da shi baya da santimita 1.2 kacal. Wato abin da ido ke gani na kowane yanki bai kai faɗin yatsa ba, saura duk yana binne. In an yi layi biyar sai a kafe da ƙusoshin gora. Mai rufin yakan cika bakinsa da ƙusoshin, yana juya su da harshe yana fito da su ɗaya-ɗaya, hannu ɗaya na danne ɓawo, ɗayan na bugu da 'yar guduma. Gora ake amfani da ita don ƙarfe tsatsa yake yi ya ci ɓawon da ke kewaye da shi. Fili mai murabba'in mita 3.3 yana cinye kusan yanki 1,800, kaurin rufin kuma ya tashi wajen santimita 10. Wanda ya san jinka zai gane hikimar: ruwa ba ya samun hanya miƙaƙƙiya, sai ya bi gangare ya sauka.

Irin wannan rufi yakan yi shekara 30 ko fiye, amma ba ko'ina yake mutuwa lokaci ɗaya ba. Inda inuwar bishiya ta rufe, ba ya bushewa, gansakuka ta kama, ganye ya taru, 'ya'yan itatuwa su tsiro su tura saiwa ciki. Inda rufi biyu suka haɗu ruwa ya fi gudu, nan ɓawo ke fara zaizayewa har kawunan ƙusoshi su bayyana. Ɗakunan Kasuga huɗu kuwa manne suke da juna a cikin daji, don haka jira har shekara 30 kasada ce. Ashirin ta fi aminci. Tana da wani amfanin kuma: wanda ya yi aikin yana yaro mai miƙa kaya zai sake yi yana gwani, ya kuma ga na uku yana dattijo mai duba aiki. Da tazarar ta kai 50, da hannun da ya iya ya riga ya kwanta dama. Ƙarancin masu ɓare ɓawo ya taɓa zama babbar damuwa a Japan, har aka kafa horo na musamman, kuma a 2020 UNESCO ta sa waɗannan sana'o'in gini na gargajiya cikin gadon duniya.

Sai jan launi. A yawancin wuraren bauta jan darma ake shafawa, mai ɗaukar ruwan lemo. Ɗakunan nan huɗu kuwa hon-shu zalla ake sa musu, garin da ake samu daga haɗin zaiba da farar wuta. Ja ne mai zurfi, mai tsada. Barandar da ta kewaye harabar gauraye ake yi mata, jan darma ya fi yawa, kuma mai lura zai ga bambancin da idonsa. Ba da mai ake kwaɓa garin ba, da nikawa ne, danƙon da ake dafawa daga fatar dabba. Nan matsalar take. In danƙo ya yi ƙarfi, fenti ya bushe ya tsattsage ya ɓamɓare. In ya yi rauni, garin ya riƙa bin hannu. Da zafi danƙon ruɓewa yake cikin kwana kaɗan, da sanyi kuma daskarewa, don haka kaɗan-kaɗan ake haɗawa a riƙe shi da ɗumi. Dole kuma a kankare tsohon fenti tas kafin a sa sabo, a shafa siriri sau da yawa. Duk da haka rana tana duhunta shi, ruwa yana wanke shi.

Fitilun

Kusan 3,000 ne: wajen 2,000 na dutse a bakin hanyoyi, wajen 1,000 na tagulla rataye a baranda. Babu wadda wurin ya saya wa kansa. Sadaka ce ta mutane tun kusan shekara 800 da suka wuce, daga manyan fada da mayaƙa har ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kuma galibi akwai sunan mai bayarwa da shekara a jiki. A da, mai ba da fitila yakan haɗa da kuɗin mai, ana kunna ta kowane dare gwargwadon abin da ya bari. Bayan sauyin mulki na 1868, lokacin da gwamnati ta raba Shinto da addinin Buda, ta yanke tsohuwar alaƙar Kasuga da haikalin Kofukuji, filayen da ke ciyar da wurin suka tafi, man ma ya yanke. Yanzu sau biyu a shekara ake kunna su duka: daren Setsubun a farkon Fabrairu, da 14 da 15 ga Agusta. Kafin ranar sai an bi na dutsen ana manna farar takarda a tagoginsu don iska kada ta kashe wutar, takardar ɗauke da sunan mai roƙo. Wanda bai dace da waɗannan darare ba, akwai wani ɗaki mai duhu, Fujinami no ya, da aka rataye fitilu a kunne, da madubai a bango.

Fitilar dutse ba a kafe take ba. Gunduwa-gunduwa ce aka ɗora, gindi, ginshiƙi, faranti, gidan wuta, hula. Nauyi ne kawai ke riƙe da ita. Kada a jingina da ita don ɗaukar hoto, kada a bar yaro ya hau.

Yadda ake shiga

Daga tashar jirgin Kintetsu Nara tafiyar ƙafa ce ta kusan minti 25, ta cikin dandalin bareyi. A torii, wato ƙofar mai ginshiƙai biyu da ke nuna mashigar wurin bauta, ana ɗan rusunawa, kuma a bi gefen hanya, don tsakiya ta kami ce a wurinsu. Kusa da torii ta biyu akwai wurin wanke hannu, ruwan na fitowa daga bakin mutum-mutumin barewa a kwance. Ludayi ɗaya na ruwa ya isa komai: a riƙe da dama a wanke hagu, a juya a wanke dama, a zuba a tafin hagu a kurkure baki, a sake wanke hagun, sannan a tsai da ludayin ragowar ruwan ya gangaro ya wanke mariƙi. Kuskuren da baƙi suka fi yi biyu ne, kai ludayi baki, da tofar da ruwa cikin kwarmin maimakon ƙasa a gefe. Masu bauta sukan fara tsayawa a ɗan ɗakin Haraedo da ke nan kusa, na kami mai tsarkakewa, kafin su wuce. A gaban babban wurin sukan jefa kuɗi a akwati, su rusuna sau biyu, tafi biyu, su yi roƙo shiru, su rusuna sau ɗaya. Baƙon da addininsa bai yarda da wannan ba, babu mai tilasta masa. Ya tsaya gefe cikin natsuwa ya ba masu yi hanya, ya isa.

Harabar waje kyauta ce. Shiga baranda zuwa ƙofar Chumon, inda aka fi kusantar ɗakuna huɗun, sai an biya, kuma akan rufe wannan ɓangaren a safiyar wasu ranakun biki. A ciki a duba tsohuwar bishiyar sugi mai ɗaruruwan shekaru, da wata bishiyar da ta karkato daga gindinta ta ratsa rufin ɗakin Naoraiden. Magina ba su sare ta ba, huda rufin suka yi suka bar mata hanya. Shi kansa dutsen Mikasa ba a hawa. Akwai wurin da aka tanada a kusurwar harabar don gaishe shi daga nesa.

Dare ɗaya na Wakamiya

A cikin bukukuwan, On-matsuri ya fi nuna yadda suke ɗaukar kami tamkar baƙo mai daraja. Fujiwara no Tadamichi ya fara shi a 1136, bayan ambaliya da yunwa da annoba, kuma ana yin sa har yau. Da ƙarfe 12 na daren da 17 ga Disamba ke shiga, a kashe duk wata wuta a hanya. Ba tocila, ba hoto, ba hasken waya. Ana jan manyan bakin wuta biyu a ƙasa, garwashi na zuba layi biyu, limamai cikin fararen kaya sun kewaye Wakamiya da rassan sakaki har ba a ganin komai, suna tafe suna jan wata doguwar murya. Su kai shi wata bukka da aka gina don wannan rana kawai, da gungumen itacen matsu da ba a ɓare ba da rufin ganye. Da rana a yi jerin gwano na kusan mutum 1,000 da dawaki cikin tufafin zamunna daban-daban, daga la'asar kuma har dare a yi ta raye-raye da kiɗan gargajiya a kan ciyawa a gabansa. Sharaɗin shi ne kada ya cika awa 24 a waje. Kafin 12 na dare ta sake bugawa an mayar da shi ɗakinsa. Mai son gani ya shirya wa sanyi sosai, tsayuwa ce ta sa'o'i a tsakiyar hunturu.

Bareyi da daji

Bareyin sun haura 1,000, ba na kowa ba ne, kuma doka ta kare su tun 1957. Abincinsu ciyawa ce da 'ya'yan itatuwa. Abin da aka yarda baƙo ya ba su shi ne shika senbei, 'yar waina busasshiya ta dusar shinkafa da fulawa, ba sukari. A ba su da sauri, don jan rai ne ke sa su cizo da tunkuyi, in ta ƙare a buɗe tafin hannu biyu su gani. A nisanci uwa mai ɗa daga Mayu zuwa Yuli, da namiji daga Satumba zuwa Nuwamba lokacin barbara. Saboda wannan ne ake yanke wa maza ƙaho, al'adar da aka fara a shekarun 1670. Babbar masifarsu leda ce. Suna jin ƙanshin abinci a jikinta su haɗiye, ta dunƙule a tumbi, dabba ta rame ta mutu da cikinta cike. A 2019 an samu wadda aka ciro fiye da kilo 4 daga cikinta.

Dajin da ke bayan wurin an hana farauta da saran itace a cikinsa tun 841, kuma yana cikin abin da UNESCO ta karɓa tare da sauran kayan tarihin Nara a 1998. Sai dai alfarma biyu sun yi karo a nan. Bareyin da ba a taɓawa suna cinye tsiron manyan itatuwan dajin da ba a sarewa, tun yana ɗan ganye biyu. Abin da suke ƙi, irin su nagi da asebi mai dafi da wata baƙuwar bishiya daga Sin, shi ke yaɗuwa. Ga kuma wani ƙwaro mai huda kututture yana shigar da funfunar da ke busar da tsoffin itatuwa. Wanda ya shiga zai ga manya a sama, ƙasa kuwa fayau, babu matasan da za su gaje su. Abin da hukumar Nara take yi shi ne kewaye ƙananan filaye da shingen waya mai tsayin da barewa ba za ta tsallake ba, musamman inda babbar bishiya ta faɗi haske ya sauko, a tumɓuke baƙin itatuwa, a naɗe kututturen tsoffi don hana ƙwaro shiga. Shingen ma sai an riƙa zagaya shi, domin reshe ɗaya da guguwa ta karya ya faɗo a kai ya isa ya buɗe ƙofa, tsiron shekara biyar ya tafi cikin 'yan kwanaki.